Dara Ta Ci Gida

Ni akawu ne, ɗan akawu. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, malamin haraji ne na En'e a ƙasar Birnin Gwari, ni kuma da na sauke Alƙur'ani na gama firamare sai na gāji alƙalaminsa. Ko da ya ke an rushe En'e tun 1976 aka kawo ƙananan hukumomi, har yau tsofaffin garinmu in sun gan ni da fayil a hammata sai su ce ga malamin En'e nan. Ba na gyara musu, don sunan ya fi mini daɗi. To, labarin da zan ba ku na wani wasa ne, wasan cin ƙasashe da a ke yi a kwamfuta. Na san wani zai ce, me ya haɗa magidanci mai furfura a gemu da wasan yara? Ku dai yi haƙuri ku ji ƙarshensa tukuna.

A shekarar 2010 aka turo mana wani saurayi Bayarabe mai bautar ƙasa, aka ce ya koya mana aiki da kwamfuta. Yaro ne mai ladabi, ba ya wuce babba bai rusuna ba. Da rana ya koya mana buga wasiƙa da jera lissafi, da yamma kuwa, in an tashi daga aiki kuma da sauran mai a janareta, sai ya buɗe wani abu ya yi ta kallo yana murmushi shi kaɗai. Ran nan na leƙa. Ban ga hoto ba, ban ji kiɗa ba, sai ɗige-ɗige da baƙaƙe birjik a kan allo kamar inda kaji suka yi tono. Na ce, "Kai kuwa, wane irin karatu ne wannan?"

Ya ce, "Malam, ba karatu ba ne, duniya ce. Ga teku, ga duwatsu, ga kuma ƙasata nan."

Sunan wasan Empire, watau Daula. Wani Ba'amurke mai suna Peter Langston ya ƙago shi a 1972, a wata kwaleji da a ke kira Evergreen a Jihar Washington ta Amurka. A zamanin nan kwamfuta ba abin sawa a aljihu ba ce. Guda ɗaya ce makaranta duka ke taruwa a kanta, kowa ya zauna gaban nasa abin bugawa yana aika mata da umurni. Saboda haka wasan ya tashi na taron jama'a ne tun asalinsa, kowane mutum da ƙasarsa, duka a cikin duniya guda. Tun daga lokacin masu sha'awa su ke ta gyara shi suna ƙara masa, suna rabawa kyauta, har ya faɗo hannun yaron nan. Zubi ɗaya yakan ci makonni, wani ma watanni.

Ai kun san dara: gurbi 30 a ƙasa, mutum biyu, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya cinye ɗaya na abokinsa. Kome a fili ya ke, har ɗan kallo yana ganin abin da mai wasa ke gani. Wannan kuwa gurabunsa sun kai dubu, kowane gurbi yana maƙwabtaka da 6, kuma ba ka ganin kome sai naka da abin da ke gefensa. Ɗigo shi ne teku. Alama mai kama da jinkar ɗaki ita ce dutse. Alamar tambaya ita ce ƙasar wani, ka san da mai ita amma ba ka san abin da ya tanada maka ba. Daji kuwa, watau ƙasar da ba ta da mai ita, ɗan gajeren zane ne a kwance, shi ke nan. Ku riƙe wannan ɗan zane, za mu komo gare shi.

Mu biyar muka shiga: ni, da malamin gona, da malamin asibiti, da malamin kuɗi, da hedimasta. Yaron bai yi wasa ba, shi ne mai lura da duniyar. Turawa sun ba mai wannan matsayi wani suna da bai dace da ɗan Adam ba, mu dai alƙali mu ke ce masa. Muna zama gaban kwamfutar bi da bi, kowa da kalmarsa ta asiri, in kowa ya gama sai alƙali ya juya duniya. Nan take jama'a su hayayyafa, gonaki su ba da abinci, talakawa su biya haraji, soja kuma su ci albashi. Da farko kowa gurbi 2 a ke ba shi, waɗanda ba mai ikon taɓa su, amma shi ma ba shi da ikon yin kome daga ciki. In yana son ya shiga wasa sai ya fasa wannan aminci da hannunsa. Ba wanda ya kwana bai fasa ba.

Abu uku suka sa wasan ya shiga raina, duka kuwa na akawu ne. Na ɗaya, in ka ce a kawo maka ƙidaya, sai ga ƙasarka duka a jere layi layi: gurbi kaza, talakawa kaza, soja kaza, abinci kaza, sak littafin haraji. Na biyu, kowane umurni da za ka bayar yana cin wani abu wanda ma'anar sunansa ita ce awon lokacin ma'aikatan ofis, kuma jama'ar babban birninka ne ke samar da shi. In ya ƙare, ko kana da soja dubu sai ka zauna ka jira, in kuwa aka ci babban birnin to bakinka ya mutu. Da yaron ya bayyana mini wannan na yi dariya har da hawaye, na ce ashe har a Amurka an san sarauta ba ta tafiya sai da akawu. Na uku shi ne ya fi ba ni mamaki. Kowane gurbi da lambarsa ta gabas da yamma da ta kudu da arewa, amma daga babban birninka a ke fara ƙirga, shi ne 0,0. Hedimasta ma birninsa 0,0 ne a wurinsa. Watau kowa cibiyar duniya a ƙofar gidansa ta ke, ƙasar wani kuwa lamba ce mai nisa.

Na sayi littafin rubutu mai jan bango na zana taswira a ciki, duk abin da na gano in rubuta. Nan da nan na gane wata dabara. Ka'idar wasan ita ce in ka tura ko mutum ɗaya cikin daji, gurbin ya zama naka. Sai na yi ta tura mutum ɗaya ɗaya, kafin mako biyu ƙasata ta fi ta kowa faɗi a takarda. Ina shiga ofis ina taƙama, har malamin kuɗi ya fara ce mini Sarkin Sudan. Ban yi hanya ba, ban kai abinci ba, ban ajiye soja ba, don duk waɗannan suna cin kuɗi, kuma ba su ƙara faɗin taswira. Ran nan hedimasta ya ɓullo ta arewa da 'yan sojansa kaɗan ya yi ta tsintar gurabuna kamar mai tsintar kaɗanya. Na tashi rundunata daga birni, amma ba hanya, ƙarfinsu ya ƙare a tsakiyar daji, ina ji ina gani.

Haushi ya sa na juya kan malamin gona, wanda kuwa mun ƙulla amana da shi a rubuce, don wasan yana da hanyar aika saƙo tsakanin sarakuna. Mutumin kirki, gonaki ya yi ta yi bai tara soja ba. Na auka masa a zama ɗaya na ci rabin ƙasarsa. Mako guda bai amsa gaisuwata ba, har a masallaci sai ya sake sahu. To, mutanen da ka ci da yaƙi wasan ya ba ka zaɓi a kansu. Kana iya barinsu, amma ba su yi maka biyayya sosai. Kana iya mai da su abin da ya kira ma'aikatan da ba a biya lada, waɗanda kakata ta san su da suna mai gajarta, bayi. Kana kuma iya sa soja su harbe su. Wani gurbi na ga mutum 300 suna cin abinci ba su yi mini aiki, sai na buga umurnin. Lamba ta sauko daga 300 ta zama 0. Na rufe littafina na tafi gida na ci tuwo na ƙoshi.

Sauran gurabun da na bari da yunwa kuwa, ba a jima ba sai 'yan tawaye suka tsiro a cikinsu. Wasan yana kiransu che, daga sunan Che Guevara, mutumin Ajantina da ya yi yaƙin sunƙuru a Kyuba. Ba daga waje su ke zuwa ba, daga cikin mutanen gurbin su ke fitowa, su kashe sojanka, wata rana ka buɗe ƙidaya ka tarar gurbin ya fita daga lissafinka. Ranar da malamin gona ya ji haka ya huce. Ya zo har teburina ya ce, "Akawu, ka ci ƙasa, ƙasa kuma ta ci ka." Malamin asibiti ne ya cinye wasan a ƙarshe, mutumin da ƙasarsa ba ta da faɗi amma kowane gurbi da hanya da rumbu. Yaron ya gama bautar ƙasarsa ya koma gida, ni kuma na jefa jan littafi a akwati.

Ba a wasa aka fara cin ƙasarmu ba. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa Kontagora a 1864, shi da ɗansa Ibrahim suka yi shekaru suna kai hari ƙasashen Gwari da Kamuku suna kama bayi, har Turawa suka ci Kontagora a 1901. Su Turawan ma da taswira suka fara. Daga Nuwamba 1884 zuwa Fabrairu 1885 wakilan ƙasashe 14 suka zauna a Berlin suna tsara yadda za su yi da Afirka, ba baƙin mutum ko ɗaya a teburin. Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ya ce Arewa duka tana ƙarƙashin Ingila, alhali bai taka yawancinta ba. Sai a 1903 ya ci Kano da Sakkwato. Amma Bature ya san abin da ni ban sani ba sa'ad da na ke tura mutum ɗaya ɗaya. Da ya ci ƙasa sai ya bi ta da ƙafa, ya sa a ƙirga ta, ya sa a rubuta.

Wannan shi ne aikin mahaifina. Kowace shekara yakan ɗaura tabarma da littafi a bayan keke ya fita rangadi, gari gari, unguwa unguwa, ruga ruga. Ya zauna a zauren dagaci, masu unguwa su kawo mutanensu, ya rubuta kowane baligi da sunansa da sunan ubansa. Arɗo ya kawo lissafin shanu don jangali. Ba na cewa mutane suna murna da ganinsa. Haraji ya sa wasu sun sayar da akuyar da ba su da wata, wasu sun gudu sun bar gari, kuma da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna a 1979, talakawa sun yi murna kuma suna da gaskiya. Sai dai akwai abin da ya tafi tare da harajin, ba wanda ya lura. Mahaifina yakan ce ya san inda kowace rijiya ta ke a ƙasar nan, da wanda ya haifu da wanda ya rasu, da baƙon da ya sauka a wace ruga. Da aka daina karɓa sai aka daina zuwa, da aka daina zuwa sai aka daina sani. Ni da na gāje shi, sai in yi shekara ban taka ƙauyen da na ke buga sunansa a wasiƙa kullum ba.

Daji ma haka. A 1936 aka keɓe dajin Kamuku ya zama gandun daji na En'e ta Birnin Gwari, da malaman daji masu zagaya iyakarsa. A 1999 ya zama gandun Gwamnatin Tarayya, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,120, ga shi kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara, kogin Mariga ne tsakaninsu. A taswirar ofis kore ne shar, ba ko ɗigo a ciki, kamar ɗan zanen nan na wasa. Amma daji bai taɓa zama wofi ba. Da makiyaya a ciki, da mafarauta, da masu saran itace, da masu haƙar zinariya, da matasan da ba makaranta ba asibiti ba wanda ya taɓa rubuta sunansu. Daga Kaduna zuwa garinmu wajen kilomita 120 ne. Ga wanda 0,0 ɗinsa ke can, mu lamba ce mai nisa, kamar yadda ƙauyukan bakin daji su ke lamba mai nisa a wurina.

Da satar shanu abin ya fara, kuma Fulani ne suka fara ɗanɗanawa, muna ji muna cewa Allah ya kyauta. Sa'an nan a Oktoba 2012 'yan bindiga suka auka wa Dogon Dawa da asuba suka kashe mutum wajen 20, har da masu fitowa daga masallaci. A Mayu 2018 aka kashe fiye da 40 a Gwaska. Hanyar Kaduna ta zama sai da rakiyar soja ko da addu'a. Masu daji suka raba shi tsakaninsu, kowane shugaba da yankinsa da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, suna ƙulla amana suna warwarewa kamar ni da malamin gona. Ba zan tsaya ina lissafa muku ba, yawancinku kun fi ni sani. Abin da ya same ni kaɗai zan faɗa.

Da kakar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya aka hana hawan babur a yankinmu don a matsa wa 'yan bindiga, yayana ya zo mini da dare. Shi ne ya riƙe gonar mahaifinmu a ƙauye, amma a lokacin shi da yawancin mutanen garin, har dagaci, sun yi hijira sun dawo cikin Birnin Gwari, dawarsu kuwa tana can ta nuna. Ya ce, "Mutanen daji sun aiko. Sun aza wa gari kuɗi, in ba a biya ba, ba mai yankan ko kai ɗaya. Dagaci ya ce ka zo ka rubuta, don kada a yi rigima wajen rabo."

Na ce, "Yaya, ni ma'aikacin hukuma ne. Yaya zan rubuta wa ɓarayi haraji?"

Ya ce, "To, hukuma za ta ba 'ya'yana tuwo bana?"

Ban sami amsa ba. Na buɗe akwati ina neman takarda, ba abin da ya zo hannuna mai sauran farin shafi sai jan littafin nan. Na juya shi ta baya. A zauren da dagaci ya ke zaman aro na zauna gaban fitila na ja layi huɗu: suna, gona, abin da aka aza, abin da aka biya. Ba wanda ya koya mini, hannuna ne ya tuna yadda na ga littattafan mahaifina. Na raba kuɗin gwargwadon gonar kowa, aka yi gardama kaɗan aka daidaita. Gida 41 na rubuta. Wata tsohuwa da mijinta ya rasu, wadda dagaci ya ce a tsallake ta, ta ƙi. Ta kwance bakin zanenta ta zube kuɗin akuyarta, ta ce, "Ɗan Malam, rubuta ni, kada a ce ban biya ba a ƙone mini 'yar dawata." Ta tsaya tana kallon alƙalamin, ko da ya ke ba ta karatu, sa'an nan ta ce, "Allah mai iko, hannunka irin na babanka."

Daren nan ban ci tuwo ba.

An kai kuɗi, an yi girbi, amma kafin a bar kowa ya taɓa tasa gonar sai da aka kwashi samarin garin, har da ɗan yayana, suka yi kwana 4 suna yi wa masu daji girbi a gonakin da suka ƙwace. Ya dawo tafin hannunsa duk ya fashe, ba a ba shi ko sisi ba. Ina ganinsa na tuna sunan da wasa ya ba irinsa. Na tuna kuma da mutum 300 ɗin nan. Na san ba mutane ba ne, lamba ce a cikin inji, ba ni da alhakin kowa. Amma na san sauƙin da abin ya yi mini, na kuma san dalilin sauƙin: ba su da suna. Waɗanda suka tsara wasan sun san mulki ƙwarai, sun san yunwa na haifar da tawaye, sun san ƙasa ba ta zama taka sai kana tsaye a cikinta. Abu guda ne ba su sa ba, tsohuwa mai kwance bakin zane. Ina zaton wanda ya aza wa garinmu kuɗi, shi ma jimla kaɗai ya sani.

A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi sulhu da wasu daga cikin shugabannin 'yan bindiga, aka buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Mutane sun rabu a kan wannan sulhu, wasu na murna, wasu na cewa wanda aka kashe wa ɗa me aka ba shi. Ni ina jin duka biyun. Da damina ta gaba na hau mota na tafi ƙauyenmu, rabona da shi shekara 6. Na tafi da ɗana na fari, da jan littafi a aljihu. A hanya yaron ya karɓa yana dubawa, ya ga taswira a gaba, sunaye a baya. Ya nuna 'yan zanen nan da suka cika gefen shafi ya ce, "Baba, waɗannan mene ne?" Na ce daji ne. Ya leƙa ta taga ya dubi kukoki da ɗorawa da hayaƙin wata ruga can nesa, ya sake duban shafin, bai ce kome ba.

Da muka isa na zauna da yayana a gindin tsamiyar ƙofar gida, na karanta sunayen ɗaya ɗaya yana ba ni labarin kowa. Gida 26 sun komo. Wasu suna Kaduna, wasu Funtuwa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, cikinsu har da tsohuwar nan. Akwai kuma gida 3 da ba su cikin littafin, baƙi ne da aka kora daga wani gari suka sauka a kangon mutane. Na ja sabon layi na rubuta su, da matansu da 'ya'yansu, ban bar gurbin kuɗi ba. Mai gidan ɗaya ya tsorata ya ce, "Malam, wani abin za a aza mana kuma?" Na ce a'a, so na ke a san kuna nan.

Ba wanda ya sa ni wannan aiki, ba kuma wanda ya nemi ganinsa tukuna. Amma tun daga ranar, duk Asabar ɗin da hanya ta yi kyau nakan ari babur in fita da sabon littafi, yaron yana bayana. Mun gama unguwa 7. Ta takwas tana ƙetaren rafi, sai ruwa ya janye.